Kujera ta Goma Sha Bakwai

Talata, 31 ga Maris, biyar na yamma

Ikram ta zo. Ba ta buga waya ba, ƙararrawa kawai na ji, na buɗe na gan ta da lema a hannu ɗaya, farantin wainar mahaifiyarta mai zuma a ɗayan. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka kawo mini ita aji ɗaya a makarantarmu ta unguwar Molenbeek, nan birnin Brussels, 'yar mutanen ƙasar Maroko mai shekara shida da ba ta jin ko "zo" da Filamanci, harshenmu. Ni na buɗe mata baki. Yau tana da kantin magani nata na kanta a bakin layinmu, amma har gobe in ta shigo kicin ɗina ba ta zama sai na ce zauna.

"Malama, na zo ne kada ki ji a bakin wani. Zan tsaya takarar majalisa."

Na ce madalla, wace jam'iyyar masu Faransanci ce ta tsinci dami a kala?

"Ba can ba, Malama. A ɓangarenmu. Mun kafa tamu ƙungiyar, ni ce a sahun farko."

Ɓangarenmu. Da harshen da na sa mata a baki ta faɗa, babu ko tuntuɓe.

Mijina Fons ya leƙo daga bayan jarida. Shekara talatin yana tuƙa taragon birni, bai taɓa koyon taka wa bakinsa birki ba. Ya ce, "To, ranki ya daɗe, kin yi shuka, ga shi ta fito."

Ikram ta yi dariya. "Ba da Malama nake yi ba, Kawu Fons. Kujerun ai goma sha bakwai ne, ba ɗaya ba. Ni dai na gaji ne. Abin shaƙa na asma nake sayarwa kamar burodi, duk yaran gidajen bakin kogi ne, bango na tsatsar ruwa a kansu. Wallahi na gaji da miƙa magani ina murmushi."

Na sumbace ta, na ce Allah ya taimaka. Wainar tana nan a kan tebur, ban taɓa ba.

Laraba, 1 ga Afrilu, sha ɗaya na safe

Rik, mai jan ragamar kamfen ɗinmu, ya zaunar da ni ya zana mini abin a bayan ambulan, kamar ni ce ɗalibar.

"Hilde, ki saurara. Majalisar Brussels kujera tamanin da tara, sha bakwai an ware wa masu Filamanci, ko mun kai ko ba mu kai ba. Mu 'yan tsiraru ne, saboda haka kujerarmu ba ta bukatar ƙuri'u da yawa kamar ta can. Shi ɗan takara a ɗaure yake da ɓangarensa, amma mai zaɓe a sake yake. In ya tsaya gaban na'urar zaɓe, babu mai tambayarsa da wane harshe yake mafarki. Yarinyar nan in ta kwaso unguwa guda ta shigo da su ɓangarenmu, an gama."

Na ce ba yarinya ba ce, shekararta talatin da bakwai.

"To matar nan. Kujera biyu jam'iyyarmu take da su. In ɗaya ta tafi, ta wa kike jin za ta tafi?"

Kowa ya san tawa ce ta biyun. Shekara goma ina riƙe da ita da ƙuri'u dubu ɗaya da ɗari takwas da 'yan kai.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da rana

Ruwa tun safe. Ba abin rubutawa.

Asabar, 4 ga Afrilu, huɗu na yamma

Jana'izar tsohuwa Jeanneke, ta coci. Muna fitowa Fons ya raɗa mini, "Ƙuri'a ta huɗu ke nan da kika binne bana." Na taka masa ƙafa. Amma gaskiya ya faɗa, tsinannen. Masu zaɓena suna maƙabarta, 'ya'yansu sun koma ƙauyukan bayan gari inda akwai lambu da wurin ajiye mota.

Daga can na bi ta kasuwa. Hoton Ikram a tagar mai nama, a tagar mai aski, har a shagon mai soyayyen dankali da ya sha ce mini ni ce uwar unguwa. Mutanen da ke liƙa hotunan rabinsu ba sa iya gaishe ni da Filamanci.

Babana na tuna. Kwana tara ya yi a asibiti a tsakiyar birnin da aka haife shi, yana neman ruwa da harshen uwarsa, ma'aikatan suna duban juna suna ɗaga kafaɗa. Sai in na zo bayan tashi daga makaranta nake ba shi. Don irinsa aka yi kujerun nan. Ba don a riƙa shigowa ta ƙofar baya ba saboda tana da sauƙin turawa.

Na rubuta wannan na sake karantawa. Ikram ba ta ƙofar baya ta shigo ba. Ni na buɗe mata ta gaba, na riƙe mata hannu. Raina a ɓace yake kuma ban san da wa ba.

Lahadi, 5 ga Afrilu, uku na rana

Rik yana son tsohon hotona a cikin aji don takardar kamfen. Na sauko da gwangwanin biskit ɗin da nake tara kayan ɗalibaina: katunan gaisuwa, zane-zane, gayyatar aure, haƙorin wani yaro a cikin auduga.

A ƙasan gwangwanin na same ta. Wata 'yar takardar kamfen mai ruwan ɗorawa, ta shekara goma sha biyar da suka wuce. Wata ƙaramar jam'iyya ta masu Faransanci da ta mutu tun kafin a gama ƙirga. Lamba ta hamsin da takwas: Ikram Lahlou. Sunan mijinta na fari ke nan, auren da bai kai shekara biyu ba. Kawun mijin ne ya kafa jam'iyyar, ya cika jerin da dangi don kada a ga gurbi. Tana da shekara ashirin da biyu. Ƙuri'a arba'in da uku ta samu, na tuna har dariya muka yi.

A bayan takardar ta rubuta mini da biro: Ga Malamata Hilde, dubi inda 'yarki ta kai.

Dokar a bayyane take, kowane ɗan siyasa a garin nan ya haddace ta. Wanda ya taɓa tsayawa a ɓangare ɗaya, na ɓangaren ne har ya mutu. Ko ya sauya harshen katin shaidarsa, ko ya sauya suna, ko lamba ta hamsin da takwas ce.

Na mayar da murfin.

Litinin, 6 ga Afrilu, takwas na safe

Na nuna wa Fons. Ya daɗe yana kallo, ya ajiye kofinsa.

"Ta sani?"

Na ce ina jin ta ɗauka cikon lamba ba ya cikin lissafi. Ko ta manta. Wa ke tuna auren da ya sa shi kuka?

"To ki sa takalmi ki je ki gaya mata. Ranar Asabar ake rufe karɓar sunaye. In ta ji yau, ta sa wani a gaba, ta yi masa kamfen, ta tsira da mutuncinta. In ta sa hannu a takardar rantsuwa kuma, ta zama maƙaryaciya ba ta sani ba."

Na ce na ji.

"Hilde. Kin ji, ko kin ji?"

Na ce kada ya yi mini tsawa a gidana.

Laraba, 8 ga Afrilu, sha biyu na rana

Na je kantin karɓo wa Fons maganin hawan jini. Layi har ƙofa. Tana hango ni ta ce, "A ba Malama hanya, ita ta koya mini ƙirga, in na yi kuskure ita za ku kama!" Aka yi dariya.

Ta ɗauko kwalin, ta rubuta a kai kamar kullum, da Filamanci, da zagayayyen rubutun nan nata: Ɗaya da safe, bayan karin kumallo. Tun ranar da ta buɗe kantin ba ta taɓa manna mini takardar na'ura kaɗai ba, sai ta ƙara da hannu.

"Kin yi shiru yau, Malama. Lafiya?"

Na ce gajiya ce. Na ce ta gaida Mama.

Mutane sun yi yawa. Ba wurin magana ba ne. Gobe.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da yamma

Taro ya riƙe ni.

Asabar, 11 ga Afrilu, huɗu da kwata

An rufe karɓar sunaye. Ban fita ba yau. Na goge tagogi duka, har na ɗakin ajiya da ba a taɓa gogewa ba.

Talata, 14 ga Afrilu, goma na safe

Na biya ofis. Rik ya ba ni kofi. Ya ce in za a kai ƙara sai da takardar mai ruwan ɗorawa ta asali, kwafi ba ya karɓuwa. Ya ce sunana ba zai fito ko'ina ba, wani ɗan jam'iyya ne zai sa hannu. Ban daɗe ba.

Doka ce. Ba ni na rubuta ta ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu, bakwai na yamma

Fons ya sauko da gwangwanin ya zazzage shi a kan teburin cin abinci. Yana juya takardu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsince shinkafa. Ina tsaye da cokali a hannu.

"Ina mai ruwan ɗorawar?"

Na ce abinci zai huce.

"Shekara talatin da shida ina aure da ke. Na san ki da faɗa, na san ki da taurin kai. Wannan kuwa ban san ta ba."

Na ce masa shi bai ga Babana a gadon asibiti ba. Na ce in aka bar wannan ta wuce, zaɓe mai zuwa kowa zai sauya kati ya kwararo, sai a wayi gari kujerun masu Filamanci babu mai Filamanci a kai.

"Ita da wane harshe take gaishe ki? Da na aljanu?"

Ya kwashe komai ya mayar, ya rufe, ya ɗora gwangwanin inda yake. Ya ci dankalinsa a tsaye.

Juma'a, 17 ga Afrilu, ɗaya na rana

Hukumar zaɓe ta cire sunanta. Labaran rana sun nuna gaban takardar, sun zagaye lamba ta hamsin da takwas da jan layi. Wata jarida ta rubuta cewa mai kantin magani ta yi rantsuwar ƙarya. Rik ya aiko saƙo mai alamar babban yatsa. Na goge.

Asabar, 18 ga Afrilu, shida na yamma

Ta zo. Wayyo Allah, ta zo.

Wannan karon ba ta jira na ce zauna ba. Ta kifa kai a teburin kicin ta yi kuka irin na ranar da aurenta ya mutu, a wannan kujerar dai.

"Malama, maƙaryaciya suke ce mini. Wata ta dawo da maganin ɗanta ta ce ba ta yarda da ni ba. Wallahi ban san ana ƙirga wancan ba. Ko kamfen ban yi ba, hoto kawai suka ɗauke ni a falo. Ni da na ƙona duk abin da ke da sunan Lahlou, wa ya ajiye wannan shekara goma sha biyar? Wane irin mai baƙin ciki ne?"

Na shafa mata baya. Na haɗa mata shayi da na'ana'a yadda take so. Na ce siyasa ba ta da uwa. Ni na faɗi haka, da bakina.

Fons ya ɗauki hularsa ya fita cikin ruwan sama ba lema.

Da za ta tafi ta riƙe hannuna. "Ranar Talata lauyana zai je ya duba takardun ƙarar. Ki yi mini addu'a ko da irin taku ce."

Sai bayan ta sauka matakala na tuna takarda tana da baya, kuma sunana na a bayan.

Lahadi, 19 ga Afrilu, tara na safe

Na kira Rik sau uku. Ya ce abin da ya shiga fayil ya shiga. Ya ce, "Wa ke juya takarda, Hilde?"

Lauya. Lauya ne ke juya takarda.

Talata, 21 ga Afrilu

Waya ba ta yi ƙara ba.

Laraba, 22 ga Afrilu

Ba ta yi ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu, biyar na yamma

An tabbatar da hukuncin. Ƙungiyarta za ta shiga zaɓe ba ita, wani malamin lissafi da ba wanda ya sani ya koma sahun farko.

Na zauna ina jiran jarida ta buga bayan takardar. Na shirya abin da zan ce, har na rubuta. Shiru. Tana da abin da za ta kashe ni da shi a hannu, ta ƙi amfani da shi. Da ta buga da ya fi mini sauƙi, na rantse. Da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Na haɗu da mahaifiyarta a tashar tarago. Matar da ta shekara talatin tana aiko mini da miya duk watan azumi. Ta dube ni, ba harara, ba komai. Ta gyara jakarta ta koma ɗaya ƙarshen dandamalin.

Laraba, 6 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Maganin Fons ya ƙare. Na tsallaka kogi na karɓo a wani kanti. Tafiyar ma tana da amfani ga gwiwa.

Ya juya kwalin ya ga babu rubutun hannu. Yanzu ba ya ce mini ranki ya daɗe. Hilde kawai, shi ma in ya zama dole.

Asabar, 16 ga Mayu, da yamma

Muhawara a zauren unguwa. Na yi jawabina na kullum: harshe gida ne, duk wanda ya koya namu ne, ƙofa a buɗe take. An tafa. Kujeru sittin, mutum ashirin da uku, duk masu furfura. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce na gode da kika tsare mana gida. Na shiga banɗaki na daɗe.

An cire hotunanta daga tagogi. Ba a sa na kowa a madadin ba, sai tabon gam.

Talata, 26 ga Mayu

Doka ce. Ruwa kuma ake yi.

Lahadi, 7 ga Yuni, takwas na yamma

Da safe na tsaya gaban na'urar zaɓe. Ta tambaye ni wane ɓangare. Na daɗe har mai kula da rumfa ya leƙo ya ce ko Madam na bukatar taimako.

Sakamako ya fito. Ƙungiyarta ta gaza kai wa adadin ƙuri'un da ake bukata don samun kujera da kaɗan. Mutanen unguwa da yawa sun koma wa jam'iyyun Faransancin da suka saba, wasu sun jefa ƙuri'ar da ba ta zaɓi kowa ba. Mun riƙe kujerunmu biyu. Tawa ce ta ƙarshe da aka raba, ta goma sha bakwai, da ratar ƙuri'a ɗari biyu da sha biyu.

Rik ya ɗaga ni sama yana ihu. Aka buɗe kwalabe. Wani ya fara waƙa. Na ce kaina na ciwo na taho gida tun rana ba ta gama faɗuwa ba.

Fons yana kallon tseren keke. Ya ce, "An ce kin ci." Na ce e. Ya ce, "To."

Laraba, 10 ga Yuni, biyu na rana

Da safe na tarar da kwalin magani fanko a kan farantina. Fons ya ce kwana uku ke nan bai sha ba.

"Na ƙetaren kogi ba zan ƙara haɗiya ba. Ko ki je bakin layi ki karɓo, ko jinin ya hau ya yi abin da zai yi. Zaɓi ya rage naki, ke da kika iya zaɓe."

Na sa riga na je. Tafiyar minti uku ce, na yi ta a kwata.

Babu layi. Ita kaɗai ce a bayan kanta, ta rame, ta sa tabarau. Tun a hanya na tsara maganata: zan fara da Babana, sannan doka, sannan in ce na yi kuskure. Na buɗe baki na ce, "Ikram, 'yata."

Ta ɗago. Ta ce, "Barka da rana, Madam Raes. Me za a ba ki?"

Da Faransanci.

Tun tana shekara shida ba ta taɓa yi mini Faransanci ba. Ko ranar da ta faɗi a filin wasa ta fasa haɓa, da Filamancinta mai gutsi-gutsi ta kira ni. Na ci gaba da namu harshen, na ce ta ba ni minti biyar kawai, na ce ina da abin faɗa. Ta jira na gama, cikin ladabi, kamar yadda ake jiran baƙon da bai san gari ba.

"Ki yi haƙuri, Madam. Hukuma ta ce ni ta ɓangaren Faransanci ce har in mutu. Takardar likitan tana hannunki?"

Na miƙa mata. Ta ɗauko kwalin, ta manna takardar na'ura. Sai ta ɗan tsaya. Na ga hannunta ya kai ga biro, don hannu ba ya mantuwa. Ta rubuta, ta sa a leda, ta ce a gaida Kawu Fons. Shi dai har yanzu kawu ne.

Ban buɗe ledar ba sai a kicin. Fons ya sa tabarau ya karanta, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ɗaya da safe, bayan karin kumallo. Da Faransanci.

Rubutun kuwa shi ne dai, zagayayye, kowane harafi zaune a kan layi. Ni na riƙe hannun da ya koye shi.

An aiko cewa ranar Talata ta sama za a rantsar da mu. Mu sha bakwai za mu yi tamu rantsuwar da Filamanci, a madadin duk masu jin harshen a birnin nan. Sun ragu da mutum ɗaya, kuma na san wadda ta rage su.